Makon Da Kwamiti Ke Shirin Cirewa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da tagwayenki, Ya ƙara muku rufin asiri a inda kuke. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Umma tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce dai ke taɓa ta idan gari ya yi sanyi, kuma har gobe ba ta shan magani sai na tsaya a kanta. Ta ce wai ita nas ta haifa, ba ta san 'yar sanda ta jawo wa kanta ba. Baban yara ya koma aiki bayan hutunsa, shi ya huta, mu ma yanzu mun huta. Ɗan nan nawa Injiniya da kika bari yana kwance rediyo ya ci gaba, ya kai ga fankar falo. Ya kwance ta ya mayar, tana juyawa kam, sai dai da wani kuka irin na tsohon keke. 'Yar'uwarsa Lauya kuwa bakin nan yana nan, ko aike ka yi mata sai ta nemi hujja.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ba mu daɗe da yin waya ba. Da gangan na yi. Na san halinki tun kina ƙarama, idan kin ji muryata ba kya iya ce mini a'a, ko da abin zai cutar da ke. Alfarmar da zan nema kuwa irin wadda ya kamata mutum ya kwana a kanta ce kafin ya amsa. A taƙaice, akwai mako ɗaya a cikin darussan da nake shirya wa ɗalibaina da ke neman salwanta, kuma cetonsa yana hannunki. Ki yi haƙuri in fara miki daga tushe.

Kin san bayan na yi ritaya daga asibiti kwalejin koyon aikin jinya ta ɗauke ni koyarwa. Da aka ce kwas ɗin kula da tsofaffi da masu doguwar jinya za a ba ni, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, aikin da na tsufa a cikinsa ke nan. Ashe kafin a bar mutum ya buɗe baki gaban ɗalibai sai ya rubuta manhaja, wato takardar da ke nuna abin da zai koyar mako bayan mako, da littattafan da za a karanta, da yadda za a raba maki, da hukuncin mai fashi da mai satar amsa, har da tanadin da aka yi wa ɗalibin da ke da lalurar ji ko gani. Sai kwamiti ya zauna ya amince sannan kwas ya tabbata. Aka ba ni wani ɗan ofis a ƙarshen baranda, da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya, da kwamfutar da nake latsawa da yatsu biyu kamar kaza na tsintar tsaba. A kusurwar ofishin akwai mutum-mutumin roba da ɗalibai ke koyon allura a jikinsa. Ya sha firgita ni da safe, yanzu dai mun saba, har gaishe shi nake yi.

To, ni da na ji an ce a rubuta abin da za a yi, sai na rubuta shi yadda muke rubuta bayanin miƙa aiki idan za mu tashi daga ɗakin marasa lafiya. Makon farko, karɓar mara lafiya. Na biyu, wanka da juyi kada gado ya ci shi. Na uku, ciyar da wanda haɗiya ke ba wuya. Haka na jero su gajeru gajeru, shafi ɗaya tak, ina ta jin daɗi na gama kafin kowa. Na aika ofishin duba ingancin karatu, wurin wani bawan Allah da duk kwalejin ke kira Jan Biro. Da takardar ta dawo, wallahi Auta, na ɗauka wani ne ya yi haɓo a kanta.

Na tafi ofishinsa raina a ɓace, na shirya in gaya masa cewa ina juya marasa lafiya tun yana gajeren wando. Sai na tarar da wani siririn mutum mai sanyin murya, ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya hana ni damar yin faɗan. Ya ce ba abin da na rubuta da ba daidai ba, sai dai na rubuta wa wadda ta riga ta san aikin ne, kamar yadda muka saba a asibiti. Ya ce manhaja alkawari ce tsakanin kwaleji da yaron da bai san komai ba tukuna, don haka kowane mako sai an faɗi abin da ɗalibi zai iya yi da hannunsa ko bakinsa idan makon ya ƙare, a kuma faɗi yadda za a tabbatar ya iya. Na sauko, don gaskiya ya faɗa, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na ce masa an ce gemu ba ya hana ilimi, balle ni da ba ni da shi. Daga nan muka shirya. Na dinga kai masa yana jan layi, ina gyarawa ina mayarwa, har jan ya fara raguwa. Abin ma ya amfane ni, domin sai da na zauna rubuta yadda ake juya tsoho a gado sannan na lura akwai abubuwa da yawa da hannuna ke yi ban taɓa sanin yana yi ba.

Duk makonnin sun wuce lafiya sai na ƙarshe. Shi na ware wa abin da nas za ta yi idan rai ya yi halinsa: yadda za ta gyara mamacin, da yadda za ta fita ta sanar da danginsa. A gurbin da ake rubuta yadda za a jarraba ɗalibi, na rubuta cewa wannan ba a jarraba shi, ba a kuma ba shi maki. A ganina rashin ladabi ne a ɗora maki a kan irin wannan. Jan Biro ya karanta, ko biron bai ɗauka ba. Sannan ya ce shi a zuciyarsa wannan makon ya fi sauran duka, amma dokar kwaleji ba ta yarda da gurbi fanko ba. Idan ya je gaban kwamiti haka, cire shi za a yi a cike wurin da bitar jarrabawa, kuma manhajar da aka amince da ita ba a sake buɗe ta sai bayan shekaru. Ya ƙara da cewa ko da an bar mini shi, abin da ba shi da maki ɗalibai ba sa zuwa, za su tafi karatun wasu kwasa-kwasan ne su bar ni da mutumin roba.

Shugabar sashenmu, wadda muka yi aiki tare tun muna 'yan mata, ta ce in haƙura in saki makon, ai mu ma ba wanda ya koya mana, lokaci ne ya koya mana. Na ce mata haka ne, amma a kan 'ya'yan mutane lokacin ya koya mana. Da idona na ga yarinya sabuwar ɗauka ta leƙo daga bakin ƙofa ta ɗaga murya tana tambayar ina masu mai gadon kusa da taga, ya cika, a zo a kwashe kaya. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma matar da aka faɗa wa haka za ta mutu da wannan muryar a kunnenta. Ba na son ɗalibata ko ɗaya ta zama wannan muryar.

Jan Biro ne ya nemo mafita. Ya ce a yi jarrabawar a aikace: a shirya ɗaki da gado da labule, wata malama ta zauna a matsayin 'yar mamacin, ɗaliba ta shigo ta sanar da ita, mu kuma muna gefe muna duba abin da ta yi da wanda ta bari. Abin da kwamiti ke buƙata shi ne rubutaccen labarin da za a gina jarrabawar a kai, da ma'aunin da za a bi wajen ba da maki. Labarin yana iya zama ƙirƙirarre. Idan kuwa na gaskiya ne, to ko an cire suna sai dangi sun sa hannu sun yarda.

Na fara da ƙirƙira. Muka gwada da malamar da ke koyar da magunguna, ita ce 'yar mamaci. Ina buɗe baki ta zube ƙasa tana birgima irin na wasan talabijin, muka yi ta dariya har da hawaye, mutumin roba yana kallonmu. Da na dawo gida na zauna rubuta ma'aunin, sai dariyar ta tafi. Na rubuta cewa ɗaliba ta zauna, kada ta yi gaggawa, ta ambaci mutuwar a fili ba kewaye-kewaye. Sai na ga duk abin da na jero daga ɓangaren mai faɗa ne. Na sanar da mutane da yawa a rayuwata, ban san adadinsu ba, amma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce mini kalma kaza ce ta riƙe shi, kalma kaza ce ta soke shi. Na san abin da nake faɗa, ban san abin da ake ji ba. Jan Biro ya ce ƙila kwamiti ya karɓi wanda na ƙirƙira. Na ce masa ni ce ba zan karɓa ba. Gara a cire makon da in kayar da 'yar wani a jarrabawa bisa abin da ni kaina hasashe nake yi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Auta. Maganar Baba ce. Safiyar da ya rasu ina bakin aiki a wancan asibitin na ƙarshen gari, Umma ta je gida canza kaya, Yaya babban wanmu yana kan hanya. Ke kaɗai ce a asibitin da aka kwantar da shi, ke da muke ɓoye wa ko sakamakon awon jininsa don muna ganin yarinya ce. Da na iso na same ki zaune a kan bencin baranda, tabaransa da agogonsa a cinyarki, fuskarki a natse. Ni mai farin kaya ce na zube, ke kika riƙe ni. Abin da kika ce kawai shi ne wata nas ta zaunar da ke. Ban san ta ba, ban nemi in san ta ba, ban kuma taɓa tambayarki abin da ya wakana ba. Amma duk abin da baiwar Allahn nan ta yi miki a ɗakin nan, shi nake so in koya wa yaran nan, kuma ke kaɗai kika san shi.

Abin da nake roƙo shi ne ki rubuta mini yadda abin ya kasance, da irin maganarki, ba sai kin tsara ba. A ina ta zaunar da ke, ita tana tsaye ko ta zauna? Da me ta fara? Ta yi shiru ta jira ki, ko ta ci gaba da magana? Ta taɓa ki? Idan akwai abin da ta yi da kika so a ce ba ta yi ba, shi ma ina so, ƙila ma ya fi amfani. Ba za a sa sunan Baba ko naki ko na asibitin ba. Na haɗo da takardar izinin da za ki sa wa hannu idan kin amince. Na yi wa Umma maganar, ta daɗe tana murza zoben hannunta, sannan ta ce mutumin da ko mai gyaran famfo ya zo gida sai ya yi masa darasi, ai ba zai ƙi a ce har yau ana karatu a kansa ba. Amma ta ce maganar taki ce, tunda ke kika ɗauki nauyin ranar. Yaya ma abin da ya ce ke nan.

Kwamitin zai zauna ƙarshen watan gobe. Idan kin ga tono wannan safiyar zai fama miki ciwon da ya riga ya warke, ki rubuto mini a'a kawai, ba sai kin ba da dalili ba. Zan janye makon da hannuna, kuma Allah Ya sani ba zan riƙe ki da komai ba. Ke ƙanwata ce tun kafin in zama malamar kowa.

Ki gaishe mini da maigidanki, Allah Ya ƙara masa buɗi. Ki shafa mini kan tagwaye, ki ce musu ni Ummansu ta nan ina jiran hoton da suka yi mini alkawari. Umma tana gaishe ku tana sa muku albarka. Baban yara, da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Injiniya da Lauya duk suna miƙo gaisuwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka makwancinsa, Ya saka wa wadda ta zaunar da ke da alheri a duk inda take.

Abu ɗaya ya rage. Ko da kin hana a kai labarin aji, wata rana idan kin ji za ki iya, ki faɗa mini ni kaɗai. Na tsaya a kan iyayen mutane da yawa suna cikawa, amma nawa uban har yau ban san yadda ya tafi ba.

Taki har kullum,
Yayarki.