Gonar Marigayi Malam a Takardar Ƙara

Kawu Alhaji,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya ciwon ƙafar? Ya Hajiya da yara, ya zaman Fatakwal? Mutanen Faskari lafiya lau, ni ne dai hankalina a tashe.

A ƙarar da Baba Sule ya shigar kan masu wankin zinare da suka ɓata rafin fadamarmu, lauyan da nake aiki ƙarƙashinsa ya sa ni na rubuta takardun. Na rubuta "gonar Malam", yadda muke kiran gonar marigayi kakanmu har yau, tunda ba a raba gado ba. Ranar Litinin lauyan masu zinaren ya miƙe yana murmushi, ya ce, "To mai gonar ya zo da kansa mana." Aka ce ya rasu. Sai ya ce ai ba a yin ƙara da sunan mamaci.

Mun roƙi kotu izinin gyara takardar, mu sa sunayen magada duka, har da naka. Ranar Alhamis alƙali zai yanke. In ya ƙi, ƙarar na iya faɗuwa, ruwan kuma shi yaranmu ke sha.

Ka aiko da amincewarka a rubuce, ka sa mu a addu'a. A gaida Hajiya. Kawu, har yanzu ban iya gaya wa Baba Sule hannuna ne ya rubuta ba.

Ɗanka,
Nasiru