Na Sauya Wa Ɗan Yayana Kwas, Yanzu Gari Na Jiran Ya Nuna Ruwa

Assalamu alaikum ma'abota wannan fili. A ɓoye sunana, kuma don Allah a bar zagi sai an kai ƙarshe.

Na karanta yadda dauloli suka faɗi, na kuma gane cewa babu makamin da ya kai ɗan akwatin nan na fom ɗin shiga jami'a, inda aka ce a zaɓi kwas, iya rusa gida. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Isa, shekara goma sha tara ina koya wa yara neman abin da ba su ɓatar ba. A danginmu da ke wani ƙauye kusa da Burkusuma, duk takardar da ta zo da Turanci ni ake kawo wa. Ba a tambayata me na rubuta, kamar yadda ba a tambayar liman me ya karanta a asirce.

Shekarar da damina ta ɗauke, gero yana tsaka da fitar da kai, Yayana ya kawo mini ɗansa Bashir. Ya ce, "Malam, ka cike mai na noma, wanda aka sanin ƙasa da ruwa. Na gaji da kallon sama." Na ce an gama. Muka je shagon kwamfuta, Bashir ya fita alwala, ni kuma idona ya faɗa kan wani sabon kwas da aka buɗe a shekarar: Nazarin Al'adu da Adana Kayan Tarihi. Sabo fil, ko ɗalibi ɗaya bai taɓa gama shi ba. Na ce a raina, yaron nan da ke son zama wajen tsofaffi, shi za a tura auna taki? Wa zai rubuta labarin Gobir kafin masu labarin su ƙare? Na danna. Da takardar gurbi ta fito, Bashir ya karanta sau biyu, ya dube ni, ya ninke ta. "To, Baffa." Iyakar abin da ya ce ke nan. Yaya kuwa a ƙofar masallaci ya sanar cewa ɗansa ya tafi karatun ruwa, ina tsaye a gefensa ina amsa "amin" da ƙarfi. Wace irin kunya ce ban haɗiya ba ranar?

Shekara uku ke nan. Bashir ya iya gyara tsohuwar takardar ajami ba tare da ta yage ba, ya iya ɗaukar muryar makaɗi, ya san shekarun ganuwa daga tubalinta. Duk hutu ubansa sai ya damƙo ƙasar gona ya miƙa masa ya ce, "Mi ka gani?" shi kuma ya murza ya ce tana son taki. Wace ƙasa ce ba ta son taki? Da wannan amsar muka rayu.

Bana ruwa ya sake yaudararmu. Rijiyar gari ta koma laka, mata na bin babur har fadama da jarkoki. Dattawa suka yanke a yi gayya a haƙa sabuwa. A al'ada tsoho Ɗan Ila, mahaƙin da ya tona duk rijiyoyin yankin, shi ke zagawa yana duban gawo da gidajen tururuwa ya ce a sara nan. Yaya ya miƙe a taron ya ce, "Baba Ɗan Ila, ka huta. Muna da namu na jami'a, ba mu bin tururuwa." Tsohon ya ɗauki sandarsa ya ce, "Allah shi ba da sa'a. In kun kai ga ruwa ku aiko min in sha na boko." Aka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Jiya Bashir ya zo makaranta ya same ni ina gyaran jarrabawa. Bai zauna ba. Ya ce, "Baffa, shekara ukku ina rufa maka asiri. Assabar mutum arba'in za su tsaya da diga suna kallon yatsana. Ina za ni nuna musu?" Na fara yi masa bayanin darajar tarihi ga al'umma. Ya ce, "Shi za su sha?"

In na faɗi gaskiya, Yaya ba zai sake ɗaga kai a garin ba, bayan abin da ya yi wa Ɗan Ila a gaban jama'a. In na yi shiru, mutanen da ke cin abinci sau ɗaya a rana za su ƙarar da ƙarfinsu a busasshen rami. Jama'a, mi za ni yi?

Kafin wani ya ce ai don son yaron na yi: ranar da muka je shagon, Bashir ya ba ni zaɓinsa a rubuce. Na farko noma, na biyu noma. Ni ne aka hana karanta tarihi a jami'a.