Hoton Cikin Lailatu Ya Buɗu

Yaya Abarci,

Na wuce lekol don shiga aji, ba ka dawo daga Kornaka ba.

Hoton awon cikin da matarka Lailatu ta aiko daga asibitin Maradi ya buɗu! Da safe shafin intanet fari fat yake nuna mini. Na sake gwadawa, shiru. Da na sauke PDF ɗin cikin ordinatar, sai ga shi.

Yaya, kawuna biyu ne a hoton. Tagwaye!

Inna ta shafa gilashin ordinatar da yatsa, ta ce, "Ikon Allah! Ba su zo duniya ba, ga ni ina kallonsu?" Sai hawaye.

Ka kai hoton sibar, shagon intanet, a buga mata a takarda, ta ƙi tashi daga gabansa.

Ka gafarce mu, mun riga ka ganin 'ya'yanka.

Ƙanwarka,
Aisa