Baiti Arba'in Kafin Tsakar Rana

Litinin, 1 ga Yuli

Gaisuwa mai tarin yawa da ban girma a gare ka, ya kai littafi ma'abocin fararen shafuka. Ka gafarce ni da na kutso maka da alƙalami ba tare da neman izini ba. A wannan gidan sufaye na tudun Sagaing an hana ni yawan magana, kai kaɗai ka rage mini. Ni ne Nyein Maung, wanda ya shekara ashirin da shida yana koyar da adabi, yau kuma yake share ganye yana yi wa Sayadaw, babban malaminmu, hidima. Na roƙe shi ya aske mini kai, ya karɓe ni cikin ɗalibansa kafin a shiga zaman damina, wato keɓewar wata uku da sufaye ke yi. Ya ce zan ji amsa kafin daren da farin wata zai cika. Saura kwana goma sha biyar.

Laraba, 3 ga Yuli

Sayadaw ya tambaye ni me na gani a zaman zuzzurfan tunani na safe. Na ce zuciyata ta zama kogin Ayeyarwady, tunani kuwa jiragen kwale-kwale masu wucewa. Ya ce, "To. Gwiwarka fa?" Na ce tana ciwo. "Wacce?" Ban sani ba.

Asabar, 6 ga Yuli

Malam na fama da zazzaɓi. Daw Hmyin, tsohuwar da ke dafa mana abinci, ta ce kwana biyu ruwan shinkafa kawai yake sha. Na fara tsara masa waƙar fatan samun lafiya. Ta yi kyau, ko da ni na faɗa.

Litinin, 8 ga Yuli

Dole in rubuta wannan.

Yau ya nemi tashi zaune. Daw Hmyin ta yi masa miyar kifi da ganyen yakuwa, ba ta nuna da wuri ba, sai sha biyu saura kwata ta ɗora mini tire. "Maza, ƙanena, ban da wa'azi." Na durƙusa a gabansa, na ajiye tiren gefe, na zaro takardata. Baiti arba'in. Ya saurara idonsa a lumshe, ni kuwa na ɗauka daɗin waƙar ne. Ina cikin na talatin da shida aka buga gangar tsakar rana.

Ni da aka haifa a ƙasar nan, na san sufi ba ya taɓa abincin da ba a miƙa masa hannu da hannu ba, ba ya roƙo, ba ya kuma ci bayan rana ta raba. Na sani tun ina goye. Ya dubi miyar sau ɗaya, ya ce, "Ƙarasa mana, saura huɗu, ko?" Na ƙarasa. Ban san da wace murya ba.

Talata, 9 ga Yuli

Daw Hmyin ba ta raga mini ba. "Sannu, sarkin baiti. Tsoho ya ƙoshi da waƙa? Ko in ɗumama masa sauran yau?" Na ce, "Yaya, ki yi mini rai." Ta ce ran tsohon take nema, ba nawa ba. Duk da haka ta sake ɗora mini tiren, da ƙarfe goma da rabi.

Na ɗaure kayana. Gara in tafi kafin a sallame ni.

Laraba, 10 ga Yuli

Na je neman gafara, na yi sujada uku. Na shirya jawabi, amma da na ga yadda wuyansa ya rame sai jawabin ya tsere. Ya ce, "Jiya, da ka miƙo mini kwanon, me ka ji?" Na ce zafi, ranka ya daɗe, a yatsu uku na hannun dama. Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Wata biyu kana nan, yau ka fara ba ni labari. Kwance kayanka."

Wa ya gaya masa? Daw Hmyin, ba shakka.

Juma'a, 12 ga Yuli

Gwiwar hagu ce. Ciwon yana zuwa, yana tafiya.

Asabar, 13 ga Yuli

Ya cinye shinkafarsa, har da mangwaro. Ina kwashe kwanuka ya ce, kamar mai zancen ruwan sama, "A wasa aska ranar Talata. Amma mai mata ba ya shiga sai da yardar matarsa. Kawo mini a rubuce."

Na fita na tsaya ƙarƙashin tsamiya. An yi yayyafi a kaina, ban kwatanta shi da kome ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Na rubuta wa matata Khin Saw, direban motar Mandalay zai kai mata. A da wasiƙuna gare ta shafi shida ne, tana cewa sai ta dafa shayi kafin ta fara. Ta yau gajeriya ce. Gaggawa ce kawai ta sa, ina jin. Ga kwafinta:

"Khin Saw, Malam ya yarda. Saura ke. In kin ce a'a, zan dawo gida ba tare da ɓacin rai ba. Ki ba direban amsa a rubuce gobe, yana juyowa da rana."