Takardar Turancin da Inna Ta Mayar Laya

Zuwa ga Yayana Malam Ilu, a Kano.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki? Yaya uwargida da yara? Mu nan Magariya lafiya lau, gero ma ya yi kyau bana.

Bayan haka, na gode da takardar da ka rubuto mini Turancin Ingilishi da ajami, ka nuna mini inda "ni" da "su" ke zama a magana, da kalmar neman izini da ake farawa da ita. Na haddace ta kamar karatun allo. Sai Inna ta tsince ta ƙarƙashin tabarmata. Ganin rubutunka, ta ɗauka addu'a ce, ta kai wa baduku ya ɗinke ta, ta rataya mini a wuya.

Kwanan baya shanunmu uku suka ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi, aka tsare su a wani ƙauye, wai na sata ne. Da na bi sawunsu, na tarar Baturen can yana rangadi, tafintansa na kwance da zazzaɓi. Na nemi izini yadda ka koya mini, na ce ni ne mai shanun, ina roƙo a sake su. Ya yi dariya, ya sa aka duba shaidar kunnensu, aka ba ni abina.

Allah ya saka maka da alheri, Yaya. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen gida. Inna ta ce layarka ce ta yi aiki, ban kuwa musa mata ba. Yanzu tana so ka rubuto wata, a rataya wa bijiminmu.

Ƙaninka, Sani.