Ramin Bayan Katanga

Zuwa ga ƙanena Jebamani, malamin fastoci a Madras,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya ciwon ƙirjin? 'Yata Annammal ce ke rubutawa ina faɗa mata. Ka san hannun yayanka giginya ya sani, ba alƙalami ba.

Shekara ashirin da biyu ina aika maka tambaya ɗaya, kana aiko mini da hoton jikoki. Ɗana Thangaraj ya sha bammi, ya hau giginya, ya faɗo ya mutu. Dattawa suka ce tun kafin nan sun cire shi daga ikilisiya saboda sha, don haka ba zai kwanta a maƙabarta ba. Kai kana sabon fasto, takalmi na ƙyalli, ka dube ni ka ce doka ce. Muka binne shi bayan katangar maƙabartar, inda awaki ke kiwo.

To, ka ji abin da ya faru ranar Lahadi! Fastonmu ya ɗauko littafin nan da ka rubuta, wanda aka ce har Turawa na gardama a kansa. Ya karanta inda ka ce alherin Ubangiji ba lada ba ne, ba ya jiran mutum ya wanke kansa, cikin taɓon yake zuwa ya same shi. Wai kana kwance a asibiti ka gane haka, lokacin da ko addu'a ta gagare ka. Jebamani, sai na miƙe a tsakiyar coci na ce a maimaita. Dattijo Pakianathan ya ce, "Zauna, tsoho, nan ba kasuwar mazarƙwaila ba ce." Na ce, "Kai dai yi mana shiru, ni na goyi mai littafin!"

Washegari na saɓi fartanya na haƙa kabarina kusa da na yaron. Ban ji ko ciwon baya ba, har waƙa nake yi. Dattawa suka zo a guje, wai an ajiye mini wuri a ciki kusa da kabarin matata, in na kwanta a waje za a ce na mutu a ɓace. Na ce su tambayi littafin. Suka ce littafin bai ambaci mashaya ba, sai in mai shi ya faɗa da bakinsa.

Ga ni gare ka. Ban yi karatu ba, amma giginyar da ta fi hasumiyar coci tsawo ba ta taɓa gagarata ba. Katangar nan kuwa iya ƙuguna take. Alherin nan da kake faɗa yana tsallake ta, ko ba ya tsallakewa? In yana tsallakewa, ina yake ranar da ka ce doka ce?

Kada ka aiko hoto. Ka rubuta i ko a'a da manyan baƙaƙe, a karanta gaban Pakianathan. Ramin a buɗe yake, damina kuma na tafe.

Ka gaida mai ɗakinka.

Yayanka da ya goye ka,
Ponnaiya