Auta Ta Ƙi Komawa Gida

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin Inna? Ƙawar da muke ɗaki ɗaya ce take rubuta mini wannan, in kin ga rubutun ya fi nawa kyau kada ki yi mamaki.

Saƙonki ya iso, wai in tattara in dawo gida tunda ido ya tafi. Na san tausayi ne, Yaya. Amma hannun da ya yi shekaru yana ɗinki yana nan daram. Makarantar tausar nan ba irin matsar ƙafar da muke yi wa Inna ake koyarwa ba. Sai ka san kowane ƙashi da tsoka da jijiya, inda ake dannawa da inda ba a taɓawa, da masu ciwon da ba a yi musu tausa sam. Akwai ƙwarangwal na roba a ajinmu. 'Yan aji suna kallonsa, ni ina lalube shi, har sun fara kirana amaryarsa. Ba a ba da takardar shaida sai an ci jarrabawa, an kuma yi aiki a kan masu ciwo a gaban malama. Ki bar ni in gama.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya. An fara ba mu masu ciwo. Ta farko da ta faɗo hannuna mai aiki ce a gidan burodi, kwaɓa fulawa ya riƙe mata kafaɗa. Tana ganin sandata ta makafi sai ta miƙe, ta ce a kawo mata mai ido. Na shiga ɗakin tawul na yi kukana, ba zan ɓoye miki ba. Malama ta gaya mini gaskiya: in mutane suka ci gaba da guduna, ba ta da abin da za ta duba ta ba ni shaida.

Da matar ta dawo, sauran ɗalibai duk suna da aiki. Na je da kaina na ce ta gwada ni, in bai yi mata ba ta tashi. Na tambaye ta ko tana zazzaɓi ko shan wani magani, na ɗumama mai, na bi tsokar a hankali har na samu inda ta ƙulle a ƙarƙashin allon kafaɗa. Kafin in gama tana minshari. Yanzu tana iya ɗaura ɗankwali da kanta, kuma in ta zo ni take nema.

Ki gaida Inna.
Taki, Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kin isa gida lafiya. E, kin isa gida na ce.

Kin ɗauka ban gane ki ba? Malama ta ce ga wata baƙuwa mai ciwon wuya, ba ta son magana. Ina ɗora hannu na san bayan da ya goya ni. Na yi shiru don na ga jarrabawa kika zo yi mini, na kuma yi miki aikin da nake yi wa kowa. Na ji lokacin da kika fara kuka a cikin tawul, na ƙyale ki.

Na ci jarrabawar makaranta, kuma wani asibitin gashin ƙashi ya ɗauke ni aiki, zan fara farkon wata. Saura sakamakon taki.

Wuyanki ya yi tauri da yawa, Yaya. Kin daɗe kina ɗauke da mu duka. Ki dawo mu ƙarasa, amma wannan karon ki yi mini sallama.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta